Ciwon yana yatsa, me ya sa za a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa?

Tambaya: Likita, mahaifina yana da shekara 64, ya yi shekara 15 da ciwon suga. Wata biyu da suka wuce gyambo ya fito masa a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar hagu. Yanzu yatsu biyu sun yi baƙi, ƙafar ta kumbura tana wari, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. An kwantar da shi, likitoci sun ce sai an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Mu dai a yatsu muke ganin ciwon. Me ya sa ba za a cire yatsun kaɗai ba? Babu maganin da zai hana yankan? In an yanke, zai sake tafiya?

Amsa: Sannu da jinya, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Ni likitan tiyata ne, kuma wannan tambayar taka ita ce kusan kowane iyali suke yi mini a bakin gadon majinyaci, wasu da hawaye, wasu da fushi. Duka biyun ban ga laifinsu ba. Ba ƙaramin abu ba ne a ce za a raba mahaifinka da ƙafar da ya yi shekara 64 yana takawa. Likitocin da suka taɓa ƙafar da hannunsu sun fi ni hujja a kanta, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abubuwa huɗun nan da ka lissafa, baƙin yatsu da kumburi da wari da zazzaɓi, in suka haɗu a ƙafar mai ciwon suga, maganar ta tashi daga kan ƙafa ta koma kan rai. Lokacin da kuke da shi na yanke shawara kwanaki ne ƙalilan.

Sai ka san yadda ɗan gyambo ya kai ku nan kafin maganar likitocin ta zauna maka. Suga in ya daɗe yana sama a cikin jini, jijiyoyin ji yake fara ci, waɗanda suke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi da sanyi da taɓi. Daga mafi tsawonsu yake farawa, wato waɗanda suka kai yatsun ƙafa. Mutum ya fara jin kamar tururuwa na yawo a tafinsa, ko kamar yana taka auduga, ko zugi da dare, daga baya ya daina jin komai. Da yawa har murna suke yi in zugin ya tafi, alhali mai gadin gidan ne ya mutu. Na taɓa cire wa wani dattijo takalmi a ɗakin duba marasa lafiya, na tarar da ƙaramar ƙusa ta huda ƙasan takalmin ta shige masa nama. Safarsa ta manne da busasshen jini. Da na nuna masa, sai ya karɓi takalmin yana jujjuyawa yana kallon ƙusar, ya ce shi tun safe yake yawo a haka, bai ji komai ba. Shi ya sa muke gwada tafin mai suga da wani siririn zaren roba da ke lanƙwasa in an danna shi da nauyin giram 10. Wanda bai ji taɓinsa ba, ƙafarsa ba ta da mai tsaronta sai idonsa.

A daidai wannan lokacin kuma jijiyoyin jini suna ƙuntata. Kitse da wasu tarkace suna taruwa a bangonsu, kuma a jikin mai suga ƙananan hanyoyin da ke ƙasan gwiwa abin ya fi kamawa. In aka haɗa da hawan jini ko shan taba, abin yana ninka sauri. Ga kuma fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, waɗanda suga mai yawa yake sa su kasala. To sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga: faso a dunduniya, kanta da ta fashe a ƙarƙashin yatsa, farce da aka yanke har ya taɓa nama, ƙunar ruwan zafi da ba a ji ba. Ƙwayoyin cuta su shiga, su tarar da nama marar jini, mai zaƙi, marar mai kare shi. Ƙididdigar da likitoci suka fi dogara da ita ta nuna tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu ciwon suga za su yi gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma kusan kashi 85 na yankan ƙafar da ake yi wa masu suga da irin wannan gyambon ya fara.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Ido fata kawai yake gani, ita kuwa fata ita ce ta ƙarshen ba da labari. A cikin tafin ƙafa akwai igiyoyin tsoka da suka taso daga yatsu suka bi ta ƙarƙashin tafin, suka zagaya ta bayan idon sawu, suka haura sha-raɓa. Mugunya tana bin waɗannan igiyoyi kamar yadda ruwa yake bin kwata. Sau da yawa za ka ga baƙin ya tsaya a yatsu biyu, amma in ka danna tsakiyar tafin sai mugunya ta ɓullo ta bakin gyambon, in ka buɗe kuma ka tarar naman ciki ya zama toka-toka har dunduniya. Wani lokaci in ka shafa fatar ƙwauri sai ka ji tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsunka. Iskar da wasu ƙwayoyin cuta suke fitarwa ce ta taru a cikin nama, kuma irin wannan ruɓar a cikin awoyi take haurawa.

Dalili na biyu ya ma fi na farko nauyi. Inda ciwo ya tsaya ba shi ne yake nuna mana wurin yanka ba. Inda jini ya isa muke nema. Fata lafiyayya tana iya rayuwa da jini kaɗan, amma raunin tiyata yana buƙatar jini mai yawa kafin ya haɗe. In muka cire yatsu a ƙafar da jini bai isa tafinta ba, bakin ɗinkin zai yi baƙi cikin mako guda, ya buɗe, ruɓar ta ci gaba daga inda muka tsaya. Sai a koma a yanke rabin tafin, shi ma ya ƙi, a sake komawa. Kowace shiga ɗakin tiyata tana cin ƙarfin dattijo, tana cin jininsa, tana wahalar da zuciyarsa da ƙodarsa. A ɗakin tiyata abin da nake dubawa shi ne tsokar da na yanka: ja ce jawur, tana zub da jini, in na mintsine ta da abin aiki tana motsi? In haka ne, nan zai warke. In ta yi fari-fari kamar dafaffen nama, ta kwanta shiru, dole in ƙara sama ko zuciyata ba ta so.

Wannan ba ya nufin duk wanda aka ce masa yanka ya miƙa ƙafa ba tambaya. Kana da haƙƙin ka zauna da babban likitan da ke kula da Baba, kuma tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: an auna jinin da ke zuwa ƙafar? Ana fara jin bugun jini da hannu a matsematsi, da bayan gwiwa, da bayan idon sawu, da saman ƙafa. Sannan a saurara da ƙaramar na'urar Doppler. Ana auna ƙarfin jini a idon sawu a raba shi da na dantse. In sakamakon ya gaza 0.9, hanyar ta ƙuntata. In ya sauka ƙasa da 0.5, ƙafar tana cikin yunwar jini mai tsanani. A jikin masu suga awon nan yakan yi ƙarya, domin bangon jijiyar yakan sandare ya ƙi matsuwa, sai lambar ta haura 1.3 alhali jini bai isa ba, shi ya sa ake komawa a auna a yatsa. In an ga toshewa, ana yin hoton jijiyoyin da ruwan rini a ga inda take. Akwai toshewar da ake buɗewa da ɗan balan-balan da ake zurawa ta cikin jijiya, akwai wadda ake kewayewa, a ɗebo doguwar jijiyar da ke ƙarƙashin fatar ƙafa a yi wa jini sabuwar hanya da ita. In wannan ya yiwu, ƙafar da aka ce za a yanke daga ƙwauri tana iya tsira da asarar yatsu kawai. Ka tambaya ko an duba wannan, in kuma asibitin ba su da mai yin aikin, ko yanayin Baba zai jure a tura shi inda ake yi.

Maganar magani kuwa, ga yadda take. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, na allura ne ko na sha, a cikin jini yake tafiya. Inda jini bai je ba, magani bai je ba. Mataccen nama kuma ba ya dawowa, ko da wane irin magani aka shafa masa. Abin da magani yake iyawa shi ne ya tare ciwon a iyakar naman da ke da rai, bayan an buɗe an fitar da mugunya an kankare duk abin da ya mutu. Gyambo da yawa ana warkar da su ta haka: a kankare, a wanke, a saita suga da insulin, a ɗauke wa wurin nauyin jiki da simintin ƙafa ko takalmi na musamman. In ciwon ya taɓa ƙashi, magani yakan kai mako 6. Akwai ma busasshiyar ruɓa, inda yatsa yake yin baƙi ya ƙanƙance ya bushe kamar itace, ba wari, ba kumburi, ba zazzaɓi. Wannan tana ba da lokaci a yi bincike a tsanake. Ta Baba ɗanya ce, ita kuma tana zuba guba a cikin jini. Zazzaɓin da kake gani alamar hakan ce. In aka bar ta, jini ya sauka, ƙoda ta tsaya, hankali ya gushe.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa. Mun ba da shawarar yanka daga ƙasan gwiwa, 'ya'yanta suka ce a ba su lokaci su yi shawara, suka tafi da ita gida. Ban zarge su ba, so ne ya sa. Bayan kwana tara suka dawo da ita a kwance, ba ta gane kowa. Ruɓar ta wuce gwiwa. Ranta ya tsira, amma daga tsakiyar cinya muka yanke, kuma ba ta ƙara tafiya da ƙafafunta ba. Babbar 'yarta tana zaune a bakin gadon tana shafa mata dungun ta saman bargo, ta ɗago ta tambaye ni ko da sun yarda tun farko da gwiwar ta tsira. Na daɗe ban ba ta amsa ba, domin amsar ita ce e.

Gwiwar nan ita muke yaƙi a kanta. Mutumin da aka yanke daga ƙasan gwiwa, in ya sa ƙafar roba, ƙarfin da yake kashewa wajen tafiya yana ƙaruwa da kamar kashi 25 zuwa 40 cikin 100. Wanda aka yanke daga cinya kuwa, ƙarin yana kaiwa kashi 65 zuwa 100. Matashin da ya yi haɗari zai iya ɗaukar wannan. Dattijo mai suga, mai raunin zuciya, sau da yawa ba zai iya ba, sai ya ƙare a keken guragu. Saboda haka in likitocin Baba suna cewa ƙasan gwiwa yau, suna ƙoƙarin ceto masa tafiyarsa ne kafin damar ta wuce.

Tunda wasu za su karanta wannan amsar ba don suga ba, bari in taɓo sauran dalilan. Haɗarin mota da na inji da harbi da nakiya su ne suka fi raba matasa da gaɓoɓinsu. Tsoka ba ta jure rashin jini fiye da kamar awa 6, don haka ƙafa ko hannu da ya yi sanyi farat ɗaya, ya yi fari, ya mutu, da azababben ciwo, gudan jini ne ya toshe hanya, kuma aikin gaggawa ne na wannan daren. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne ɗaurin da ya matse bayan karaya, musamman a hannun yara. Gaɓar tana kumbura a cikin ɗaurin, ba ta da wurin buɗawa, sai matsin ya shaƙe jijiyoyin. Yaro yana kuka ana cewa raki ne. In yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko shuɗi, in miƙe su yana sa shi ihu, a kwance ɗaurin nan take a kai shi asibiti, ko wane ne ya ɗaura, ko da simintin asibiti ne. Haka ɗaure gaɓa tamau da igiya bayan saran maciji: yakan kashe gaɓar da dafin bai kashe ba. Sai ƙunar wutar lantarki da ke dafa nama daga ciki, da cutar nan ta matasa mashaya taba da likita Leo Buerger ya bayyana a 1908, wadda babu abin da ke tsayar da ita sai barin taba gaba ɗaya. Sankarar ƙashi ma a da yanka ne kawai maganinta. Tun daga shekarun 1970 da aka fara haɗa tiyata da magungunan sankara, mafi yawan masu ita ana cire ƙarin a bar musu gaɓarsu in sun zo da wuri.

In kuma inji ya guntule yatsa ko hannu, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗauki guntun a naɗe shi a ɗan tsumma mai danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada guntun ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, kada a jiƙa shi tsamo-tsamo cikin ruwa. Tun 1962, lokacin da likita Ronald Malt da abokan aikinsa a birnin Bostan na Amurka suka mayar wa wani yaro ɗan shekara 12 hannunsa da jirgin ƙasa ya guntule, ake iya mayar da gaɓa in an zo kan lokaci. Yatsa, da yake ba shi da tsoka, ya fi hannu jure jira.

Mu koma kan Baba. Tsoron da mutane suke yi wa wannan aiki yana da asali. Tsohon aiki ne. Az-Zahrawi, babban likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin cire gaɓar da ta ruɓe tun kafin ruɓar ta haura. A waɗancan ƙarnuka majinyaci yana farke ake yi, a tsayar da jini da ƙarfe mai zafi, har Ambroise Paré na Faransa ya yaɗa ɗaure jijiyoyi da zare a ƙarni na 16. Maganin sa barci sai a 1846 aka fara amfani da shi a fili, tsabtace rauni da kayan aiki kuma sai da Joseph Lister ya zo da shi a 1867. Yau yawanci allurar baya ake yi, rabin jiki na ƙasa ya mutu, majinyaci ba ya jin komai, in ya so a ƙara masa abin da zai sa shi gyangyaɗi. Kafin nan za a saita suga, a yi ƙarin ruwa, a tanadi jini, a duba zuciya da ƙoda.

Aikin kansa bai cika wuce awa ɗaya zuwa biyu ba. Muna barin ƙashin ƙwauri kamar santimita 12 zuwa 15 daga gwiwa, mu rage siririn ƙashin da ke gefensa ya ɗan fi shi gajarta, mu goge kaifin bakin ƙashin don kada ya huda fata. Jijiyoyin jini a ɗaure su, jijiyoyin ji kuma a ɗan jawo su a yanke su koma can cikin tsoka, inda ƙafar roba ba za ta danne su ba. Sannan a naɗo tsoka da fatar sha-raɓa, wadda ta fi ta gaba samun jini, a rufe bakin ƙashin da ita kamar matashi. Dungu gini ne ake yi, domin shi zai ɗauki mutum sauran rayuwarsa. In ciwon ya yi yawa, kada ka firgita in an ce za a yi aikin sau biyu: a fara cire ruɓaɓɓen sashen daga saman idon sawu a bar wurin a buɗe, bayan 'yan kwanaki da zazzaɓi ya sauka a koma a gyara a ɗinke. Sau da yawa kwana biyu bayan aikin za ka ga mutumin da ya yi makonni ba ya cin abinci ya tashi zaune yana neman abin da zai ci.

Abin da ya kamata ku sani tun yanzu shi ne Baba zai ci gaba da jin ƙafar da aka cire. Zai ce babban yatsansa yana masa ƙaiƙayi, ko dunduniyarsa tana zafi. Kada wani ya ce masa ya ruɗe ko hankalinsa ya taɓu. Taswirar ƙafar tana nan a ƙwaƙwalwa ko da ƙafar ta tafi. Likitan Amurka Silas Weir Mitchell, wanda ya kula da sojojin yaƙin basasar ƙasarsa, shi ya raɗa wa abin suna a 1871, sunan da ke nufin fatalwar gaɓa. Kusan kowa yana jin gaɓar, kuma tsakanin kashi 60 zuwa 80 cikin 100 suna jin ciwo a cikinta, wanda yawanci yake raguwa da tafiyar watanni. Magunguna irin su gabapentin da amitriptyline suna taimakawa. Akwai kuma dabarar madubi da V. S. Ramachandran ya fito da ita a shekarun 1990: a ajiye madubi tsakanin ƙafafu, mutum ya riƙa motsa lafiyayyar yana kallon hotonta kamar ita ce wadda aka cire, ƙwaƙwalwa ta ɗan saki. Haɗarin wannan ji shi ne dare. Mutum ya farka zai zaga, ya manta, ya sauko da ƙafar da babu, ya faɗi a kan dungu ɗinkin ya fashe. Na sha gani. A ajiye masa keke ko kujera a jikin gadon ta yadda sai ya taɓa ta kafin ya sauko, a bar fitila a kunne, wani ya kwana kusa da shi a makonnin farko.

Kuskuren da masu jinya suka fi yi, kuma tausayi ne yake jawo shi, shi ne sa matashi a ƙarƙashin gwiwa don ya ji daɗi. Cikin mako biyu zuwa uku gwiwar za ta ƙage a lanƙwashe, kuma ƙagaggiyar gwiwa ba ta ɗaukar ƙafar roba. Gwiwar ta zauna a miƙe, a gado da kan kujera. In zuciyarsa da numfashinsa sun yarda, ya riƙa kwanciya rub da ciki na minti 20 zuwa 30, sau biyu ko uku a rana, don ƙugu ma kada ya ƙage. Masu gashin ƙashi za su fara zuwa tun kwana ɗaya ko biyu bayan aiki, kada ku kore su don kuna ganin bai huta ba. Zare yakan fita bayan mako 2 zuwa 3. Ana naɗe dungun da bandeji mai roba, naɗin gicciye, ya fi matsewa a ƙasa ya sassauta a sama, don kumburi ya sauka ya ɗauki siffar da za ta shiga kwamin ƙafar roba.

Zai sake tafiya? In gwiwar ta tsira, raunin ya warke, zuciyarsa tana da ƙarfi, idonsa yana gani, kuma yana tafiya da kansa kafin ciwon nan, damarsa babba ce. Ana auna ƙafar roba ta farko yawanci bayan mako 6 zuwa 8, wani lokaci fiye a jikin mai suga. Dungun zai ci gaba da ramewa har wajen shekara guda, don haka za a riƙa ƙara safa, daga baya a sake kwamin. Ita ƙafar ma tana tsufa, akan sauya ta bayan shekara 3 zuwa 5. Ba sai mai kwamfuta a ciki ba. Ƙafar Jaipur, wadda aka ƙirƙira a Indiya a 1968, ta roba da katako ce, amma mai ita yana iya tsugunawa, ya zauna ya tanƙwashe, ya taka ƙasa mai gargada. Abin da ya fi tsadar ƙafa muhimmanci shi ne kwamin ya zauna daidai, kuma a duba fatar dungun kullum da dare. Jan tabon da bai ɓace ba bayan minti 15 zuwa 20 da cire ƙafar, a koma wurin mai ƙera ta.

Zuciyarsa ma za ta yi jinya. Rashin gaɓa kamar rashin ɗan'uwa ne, mutum yana iya yin shiru, ya ƙi kallon dungun, ya ƙi baƙi. Kada ku cika shi da "ai ka gode wa Allah" tun bai gama kukansa ba, ya fi ku sanin hakan. Ku bar shi ya yi wa kansa duk abin da zai iya, ku ci gaba da kawo masa shawarwarin gida kamar da. In akwai wanda aka yanke wa ƙafa yana tafiya da ta roba, a kawo shi ya zauna da Baba tun kafin a yi aikin. Minti goma na irin wannan mutumin sun fi awa guda na bayanina. In baƙin cikin ya wuce makonni, ya daina ci ya daina barci, a gaya wa likita, akwai magani.

Akwai magana mai ɗaci da ba zan ɓoye maka ba. Cutar da ta toshe jijiyoyin wannan ƙafar tana cikin ɗayar, tana cikin jijiyoyin zuciya da na ƙwaƙwalwa. Kusan rabin waɗanda aka yanke wa ƙafa daga saman idon sawu saboda suga ko toshewar jijiya ba sa cika shekara 5, kuma mafi yawansu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ne yake ɗaukarsu. Wannan lissafi ana iya canja shi. Maganin rage kitsen jini, maganin tsinka jini in likita ya ga ya dace, hawan jini a saite, gwajin suga na wata uku ya tsaya wajen kashi 7 ko inda likitansa ya tsayar masa, taba kuma ko kara ɗaya babu. Ƙafar dama yanzu ita ce dukiyarsa, kuma tun yana gadon asibiti take cikin haɗari, domin dunduniya tana saurin yin gyambon kwanciya. A ɗage ta daga katifa. Bayan sallama wani ya riƙa duba ta kullum, tafi da tsakanin yatsu, a shanya ta sosai bayan wanka, a shafa mai ban da tsakanin yatsun, a gwada zafin ruwa da gwiwar hannu, a zura hannu cikin takalmi kafin ya sa, kada ya taka ƙasa ba takalmi ko a cikin ɗaki. Ɗan rauni kome ƙanƙantarsa, a kai shi asibiti a ranar ko washegari.

Muddin Baba yana cikin hayyacinsa, shi zai sa hannu, ba ku ba. Kada ku ɓoye masa, kada ya farka ya tarar babu ƙafa. Ku nemi babban likitan ya yi masa bayani a gabanku, ku yi tambayar jinin nan da na faɗa maka. In kuna son jin bakin wani likitan, ku nemo shi yau ko gobe, Baba yana kwance a inda yake ana ci gaba da yi masa allurai. In kuwa cikin daren nan kuka ga jan kumburin yana haurawa ƙwauri, ko numfashinsa ya yi sauri, ko fitsarinsa ya ragu, ko ya fara sambatu, kada ku jira zagayen likitoci na safe. Ku taso ma'aikaciyar jinya ta kira likitan da ke bakin aiki.